Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Gwanayen Tanis Ke Shirya Jiki Da Zuciya

Ran Asabar 5 ga watan Yuli na shekarar 1975, mutum biyu 'yan ƙasar Amurka suka fito babban filin Wimbledon da ke Landan domin wasan ƙarshe na gasar tanis ta maza. Ɗaya shi ne Jimmy Connors, saurayi bahago ɗan shekara 22, wanda ke riƙe da kofin, kuma shi ne na ɗaya a duniya a lokacin. Ɗayan kuwa Arthur Ashe ne, baƙar fata, wanda saura kwana biyar ya cika shekara 32, shekarun da a wannan wasa akan ce mutum ya fara gangarawa.

Kusan babu wani masanin wasan da ya zaci Connors zai faɗi. A shekarar 1974 ya cinye uku daga cikin manyan gasa huɗu na duniya, sa'an nan a wannan karon ya iso wasan ƙarshe ba tare da wani ya karɓe masa ko seti ɗaya ba. Wasu ma addu'arsu ita ce kada dai a wulaƙanta dattijon a bainar jama'a. Amma kafin 'yan kallo su gama gyara zama, Arthur Ashe ya ɗauke seti biyu na farko da ci 6-1 da 6-1, daga ƙarshe kuma ya tashi da kofin. Har yau shi kaɗai ne namiji baƙar fata da ya taɓa cin wannan kofi.

Abin da ya faru a wannan rana ba sa'a ba ce. Wasan an gama rabinsa tun kafin a shiga fili, kuma yadda aka yi hakan shi ne abin da ya kamata duk mai sha'awar shiga gasar tanis ya sani, ko ɗalibi ne mai wakiltar makarantarsa, ko ma'aikaci mai zuwa kulob da yamma bayan an tashi daga ofis.

WASAN DA BA SHI DA AGOGO

Kafin mu shiga zancen shiri, ya kyautu mai karatu ya san irin nauyin da wasan ke ɗora wa mai yin sa. Tsawon filin tanis mita 23.77 ne, faɗinsa kuwa mita 8.23 idan mutum ɗaya ne ke karawa da ɗaya, da raga a tsakiya. Ana tara maki a ci gem, a tara gem shida a ci seti, muddin an bai wa abokin karawa ratar biyu. A manyan gasa huɗu na duniya, watau ta Ostareliya da ta Faransa da Wimbledon da ta Amurka, namiji sai ya ci seti uku kafin a ce ya yi nasara, mace kuwa seti biyu.

A ƙwallon ƙafa, ƙungiyar da ke gaba tana iya jan ƙafa har alƙalin wasa ya busa tashi. A tanis babu wannan, domin babu agogon da zai ceci kowa. Tilas mai nasara ya ci maki na ƙarshe da hannunsa. Babu kuma canjin ɗan wasa idan an gaji. Saboda haka mai shiga fili bai san ko sa'a ɗaya zai yi ko biyar ba. A shekarar 2012 Novak Djokovic da Rafael Nadal sun shafe sa'a 5 da minti 53 a wasan ƙarshe na gasar Ostareliya, har sai da aka kawo musu kujeru wajen bikin ba da kofi don tsayuwa ta gagare su.

Wannan rashin agogo kuwa takobi ne mai kaifi biyu. Wanda ke gaba ba ya da kwanciyar rai, wanda ke baya kuma bai kamata ya fid da tsammani ba. Ɗan Nijeriya Nduka Odizor ya nuna haka a Wimbledon a shekarar 1983, sa'ad da Guillermo Vilas na Ajantina, ɗaya daga cikin manyan gwanayen zamanin, ya cinye shi seti biyu na farko. Odizor bai karaya ba, ya ɗauke ukun da suka rage, ya ci gaba har ya shiga sahun mutum 16 na ƙarshe.

SHIRIN JIKI

Masu koyar da wasan sukan ce da ƙafa ake buga tanis, hannu cikawa kawai yake yi. Dalili kuwa shi ne, kome gwanintar hannun mutum, idan bai isa wurin ƙwallo da wuri ya kafa ƙafafunsa daidai ba, bugun ba zai yi kyau ba. Gudun tanis kuma ba irin na mai tseren dogon zango ba ne. Yawancin maki ba su kai daƙiƙa goma ake gama su, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ɗan wasa zai zabura taku uku ko huɗu, ya ci birki, ya juya, ya sake zabura, galibi ta gefe. Sai ya huta kaɗan, a sake. Haka zai yi ta yi sau ɗari biyu ko fiye a dogon wasa.

Don haka horon da ya dace shi ne wanda ya yi kama da wasan. Ana buƙatar gudu mai ɗan tsawo sau biyu ko uku a mako domin ƙarfafa zuciya da huhu, musamman a watannin da babu gasa. Amma idan gasa ta matso, sai a koma ga gajeren gudu mai zafi: a taɓa wannan layi a koma wancan har daƙiƙa 15 ko 20, a huta kamar haka, a maimaita. Tsallen igiya yana sa ƙafa ta yi sauƙi. Sa'an nan a ƙarfafa cinya da ƙugu da ciki da baya, domin ƙarfin bugu daga ƙasa yake tasowa, ya bi ta ƙugu kafin ya iso kafaɗa. Wanda ya bar wa hannu kaɗai wannan aiki, shi ne kan ƙare da ciwon gwiwar hannu ko na kafaɗa.

A da, 'yan tanis da yawa sun ɗauka buga ƙwallo kullum ya wadatar. Wadda ta fi kowa sauya wannan tunani ita ce Martina Navratilova, haifaffiyar Cekosulobakiya wadda ta koma Amurka. Tana da baiwa tun tana yarinya, amma nasararta ba ta ɗorewa. Daga shekarar 1981 ta shiga horo a hannun Nancy Lieberman, gwanar ƙwallon kwando, ta kama ɗaga ƙarfe da gudu, ta kuma gyara cin abincinta. Abin da ya biyo baya shi ne, a shekarar 1983 ta yi wasa 87, ɗaya tak aka cinye ta. Ta yi ritaya da kofin Wimbledon tara. A wajen maza Ivan Lendl ya bi irin wannan hanya, ya kai wasan ƙarshe na gasar Amurka sau takwas a jere, daga 1982 zuwa 1989.

Sai dai akwai kuskuren da masu ɗoki kan yi, watau su tara horo mai tsanani a makon gasa. Wannan ɓarna ce. Jiki yana ƙaruwa ne a lokacin hutu bayan wahala, saboda haka a kwanaki na ƙarshe rage aiki ake yi, a yawaita barci, a shiga fili da sauran marmari. A ranar wasa kuma kada a fara sai an ɗumama jiki na minti 15 ko 20, har gumi ya ɗan tsattsafo, domin 'yan mintocin da alƙali kan bayar a yi musayar ƙwallo kafin a fara ba su isa ba.

CI DA SHA

Ɗan wasa a cikin zafi yana iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a sa'a guda, wani ma fiye, kuma tare da gumin gishirin jiki ke fita. Idan ruwa ya ragu, ƙafa za ta yi nauyi, ido ya daina auna ƙwallo daidai, hankali ya rarrabu. Mai jiran sai ya ji ƙishirwa kafin ya sha ya riga ya makara. Tun jajibere ake fara sha, kuma ma'auni mai sauƙi shi ne launin fitsari: idan ya yi duhu, jiki na neman ruwa. A cikin wasa kuwa a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan a duk lokacin sauya gefe. Wanda zai yi gasa a zafin watan Maris ko Afrilu, ya kamata ya yi mako ɗaya zuwa biyu yana horo a daidai lokacin da za a yi wasan, don jikinsa ya saba.

Abinci kuma a ci shi sa'a uku ko huɗu kafin wasa, ya zama mai ba da ƙarfi mara nauyi, kamar shinkafa ko taliya ko dankali, ba tare da maiƙo da yaji mai yawa ba. Ranar gasa ba ranar gwada sabon abinci ba ce. Ayaba ko dabino a cikin jaka suna da amfani idan wasa ya yi tsawo.

Labarin Michael Chang ya nuna inda jiki ke tsayawa zuciya ta karɓa. A gasar Faransa ta shekarar 1989, wannan yaro ɗan shekara 17 ya gamu da Lendl, na ɗaya a duniya, wanda ya riga ya ci kofin sau uku. Lendl ya ɗauke seti biyu, Chang ya rama biyu, amma daga nan naman ƙafafunsa ya ɗaɗɗaure har ya zama ba ya iya zama a lokacin hutu, sai dai ya tsaya yana cin ayaba yana kwankwaɗar ruwa. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa ya nufi wajen alƙali don ya ce ya janye, sai ya fasa. Da ya ga gudu ya gagara, sai ya riƙa ɗaga ƙwallo sama can don ya sami lokacin numfasawa. Ana 4-3 a seti na biyar ya yi abin da ba wanda ya zata, ya buga sabis ta ƙasa kamar mai koyo, Lendl ya rikice ya rasa makin. A maki na ƙarshe kuma ya matso kusa da layin sabis ya tsaya, Lendl ya ɓarar da sabis biyu a jere. Chang ya ci gaba har ya ɗauki kofin.

SHIRIN ZUCIYA

Idan aka auna wasan tanis da agogo, lokacin da ƙwallo ke yawo galibi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran duk jira ne: daƙiƙa 25 tsakanin maki da maki, daƙiƙa 90 a lokacin sauya gefe, minti biyu a ƙarshen seti. A cikin wannan jira ne ake cin wasa ko a zubar da shi, domin a nan ne mutum ke zama shi kaɗai da zuciyarsa, tana tuna masa kuskuren da ya wuce, tana tsorata shi da abin da bai zo ba. Shekaru da yawa doka ta hana mai koyarwa ya ce uffan a lokacin wasa. Daga shekarar 2025 hukumar tanis ta duniya ta yarda ya riƙa jefa 'yar shawara daga wajen fili, amma duk da haka ba shi zai riƙe raket ba.

Tsoro yana da alamu a jiki. Numfashi kan gajarta, hannu ya ƙanƙame raket, kafaɗa ta sandare, ƙafa ta daina motsi. Bugun da mutum ya yi sau dubu a horo sai ya gagare shi. Jana Novotna ta ɗanɗani wannan a wasan ƙarshe na Wimbledon a shekarar 1993. Tana gaban Steffi Graf da 4-1 a seti na ƙarshe, saura maki ɗaya ta kai 5-1, sai ta ɓarar da sabis biyu, daga nan kome ya warware, ba ta ƙara cin gem ko ɗaya ba. Wajen ba da kyauta ta kifa kai a kafaɗar matar da ke miƙa kofin ta fashe da kuka a gaban duniya. Amma ba ta bar wasan ba. Ta sake zuwa wasan ƙarshe a 1997 aka cinye ta, ta dawo a 1998 ta ɗauki kofin.

Maganin da gwanaye suka samo shi ne su cika wannan lokacin jira da al'ada guda wadda ba ta sauyawa, ko an ci ko an faɗi. Da maki ya ƙare, ɗan wasa zai juya wa raga baya, ya sassauta hannu, ya sa ido a kan igiyoyin raket ɗinsa yana gyara su don kada idonsa ya yi yawo cikin 'yan kallo, ya ja dogon numfashi ya sauke a hankali. Sa'an nan ya yanke shawarar inda zai aika ƙwallo, ya dunguri ƙwallon a ƙasa adadin da ya saba, ya buga. Mai kallo kan ɗauka tsirfa ce ko camfi, alhali kuwa turke ne da ake ɗaure zuciya.

Kada kuma a zaci haƙuri halitta ce da wasu kaɗai aka ba. Bjorn Borg na ƙasar Suwidin, wanda aka riƙa kwatanta sanyinsa da ƙanƙara, yana yaro mai zafin rai ne, mai jifa da raket, har aka dakatar da shi daga wasa na wata shida. Daga nan ya koyi riƙe kansa. Amfanin wannan ya fito a wasan ƙarshe na Wimbledon a shekarar 1980, tsakaninsa da John McEnroe. A seti na huɗu sau bakwai Borg yana zuwa saura maki ɗaya ya ɗauki kofi, sau bakwai yana kuɓuce masa, har McEnroe ya ci raba-gardama da 18-16. Wani da a nan ya mutu a tsaye. Borg ya koma ya zauna, fuskarsa ba ta nuna kome ba, ya taso ya ci seti na biyar da 8-6, ya ɗauki kofinsa na biyar a jere.

Ana iya koyon wannan a horo. A riƙa yin wasan gwaji da sharaɗi mai tsanani, misali a ba mutum sabis ɗaya maimakon biyu, ko a fara kowane gem yana baya, don ya saba da bugu a cikin matsi. Wasu kuma sukan zauna su rufe ido su bi wasan a zuci kafin ranar. Djokovic ya bayyana cewa haka ya yi kafin wasan ƙarshe na Wimbledon a 2019, da yake ya san kusan duk filin Roger Federer za su goya wa baya. Ya ce idan jama'a suka kira sunan Federer, sai ya sa wa ransa sunansa suke kira. A ranar sau biyu Federer yana zuwa saura maki ɗaya, amma Djokovic ne ya tafi da kofin.

Wajibi ne kuma a bambanta fargabar wasa, wadda kowa ke ji, da damuwar da ta zama ciwo. A shekarar 2021 Naomi Osaka ta janye daga gasar Faransa, ta bayyana cewa ta daɗe tana fama da baƙin ciki mai tsanani. Wanda abin ya kai ga hana shi barci ko cin abinci, likita ya kamata ya gani, kuma babu abin kunya a ciki.

DAREN JAJIBERE

To, mu koma ga Arthur Ashe. Shi mutum ne mai bugu da ƙarfi, da haka aka san shi tun yana saurayi. Amma ya zauna ya kalli yadda Connors ya ragargaza Roscoe Tanner, mai sabis kamar harsashi, a wasan kusa da na ƙarshe, ya lura cewa ƙarfin abokin karawa shi ne abincin Connors: iyakar ƙarfin da ka buga masa, iyakar ƙarfin da za ta dawo maka. Ga shi kuma akwai ƙarar da Connors ya kai shi kotu a kan wata magana, abin da zai iya sa mutum ya shiga fili da fushi.

Kafin ranar wasan ya yi shawara da aminansa, cikinsu har da Donald Dell, suka tsara dabara. Zai hana Connors ƙarfin da yake so. Zai riƙa aika masa ƙwallo a sanyaye, yana yankar ta ta ƙasa don kada ta tashi, musamman ta hannun hagunsa inda ƙwallo mai ƙasa-ƙasa ke ba shi wahala. Zai riƙa karkata sabis can gefe don ya fitar da shi daga fili, idan kuma ya matso raga sai a ɗaga ƙwallo ta ƙetare kansa. Watau a wasa mafi girma a rayuwarsa, ya yarda ya ajiye salon da ya saba ya ɗauki wanda zai dami abokin karawarsa.

Tsara dabara abu ne mai sauƙi, riƙe ta a lokacin da ta fara tangal-tangal shi ne aiki. Connors ya farfaɗo ya ci seti na uku da 7-5, ya kuma wuce gaba da 3-0 a na huɗu. A nan ne mai raunin zuciya kan watsar da shiri ya koma ga tsohon hali. Amma a duk lokacin sauya gefe sai a ga Arthur Ashe ya zauna shiru, ido a rufe, ba ya ko motsi, sa'an nan ya tashi ya ci gaba da abin da ya tsara. Gem ɗaya kawai Connors ya ƙara ci. Aka tashi 6-4.

GA MAI NIYYAR SHIGA GASA

Ɗalibi ko ma'aikaci ba shi da mai koyarwa na kansa, ba shi da likita mai bin sa, amma mafi yawan abin da aka zana a nan ba kuɗi yake ci ba. Wanda ke da gasa nan da wata biyu, ko ta makarantu ce ko ta kulob ko irin gasar Dala da ake yi a Kano, yana iya raba makonninsa tun yau: na farko-farko don gina ƙarfi, na tsakiya don sauri da wasannin gwaji, na ƙarshe don hutu. Ya je ya kalli wanda zai kara da shi idan da hali, ya rubuta abu biyu ko uku a 'yar takarda ya sa a jaka, don ya duba a lokacin sauya gefe idan kai ya ɗauki zafi. Ya haɗa kayansa tun dare: raket biyu saboda igiya na iya tsinkewa, takalmin da ƙafa ta saba da shi, tawul, hula, ruwa. Ya isa fili da wuri.

Bayan wasa kuma, ko an ci ko an faɗi, ya zauna ya tambayi kansa a ina ƙafa ta gaza, a ina kuma zuciya ta gaza, domin amsar ita ce farkon shirin gasa ta gaba. Novotna shekara biyar ta yi tana wannan lissafi kafin kofin ya zo hannunta.